Yadda Ake Shawo Kan Yawan Amai ga Macijin Masara na Kiwo

Macijin masara, wanda masana ke kira Pantherophis guttatus, ɗan asalin kudu maso gabashin Amurka ne, wajajen Fulorida da Jojiya da Karolina, kuma ba shi da dafi ko kaɗan, domin naɗe ɓera yake yi ya matse shi sannan ya haɗiye. Sanyin halinsa ne ya sa ake kiwonsa a gidaje a ƙasashe da dama, har ya iso hannun 'yan tsirarun masu sha'awa a nan Kaduna, ko da yake maƙwabta har gobe kallon gardawa suke yi mana. A shekarun da na yi ina kiwonsa, babu ƙorafin da na fi ji daga bakin sababbin shiga kamar wannan: maciji ya haɗiye ɓeransa lafiya lau, bayan kwana biyu sai a wayi gari a tarar da ɓeran a yashe cikin akwati, jiƙe da majina, ɗaki ya gume da ɗoyi. Aman farko ba ya cika yin illa mai ɗorewa. Na biyu da na uku su ne ke kai maciji ƙasa, kuma galibi mai kiwon ne ke jawo su da hannunsa, saboda tausayi ya hana shi barin cikin dabbar ya huta.

Abin da ya kamata ka sani game da jikin maciji kafin mu fara bai da yawa. Maciji ba ya samar wa kansa ɗumi kamar akuya ko kaza, ɗumin wurin da yake kwance ne ke tafiyar da narkewar abincinsa. Idan cikinsa ya yi sanyi, ɓeran kan fara ruɓewa tun kafin ruwan ciki ya narkar da shi, sai macijin ya fitar da shi don ya tsira. Duk fitarwa ɗaya kuwa tana ƙona hanyar abincinsa da ruwan ciki mai tsami, tana tafiya da ruwan jikinsa da gishirinsa, tana kuma rage ƙwayoyin halitta masu amfani da ke hanjinsa. Wannan ɓarnar tana bukatar kimanin mako biyu kafin ta warke.

Kayan aiki

Abu mafi muhimmanci shi ne ma'aunin zafi mai lamba wanda yake da 'yar igiya mai kan ƙarfe, irin wanda ake sa wa injin ƙyanƙyasar ƙwai, kuma za ka same shi wajen masu sayar da kayan kiwon kaji. Ka sayi guda biyu, ɗaya don ɓangaren ɗumi, ɗaya don ɓangaren sanyi, idan da hali ka zaɓi irin wanda ke riƙe lambar mafi zafi da mafi sanyi da aka samu, yana kuma nuna laimar iska. Hannunka ba ma'auni ba ne, kuma ma'aunin da ake liƙawa a bangon gilashi zafin bango yake faɗa maka, alhali macijin a ƙasa yake kwance.

Sai sikelin kicin mai auna giram ɗaya-ɗaya, da littafin rubutu da biro. Sai robar ajiya mai murfi mai kulluwa wadda za ta zama akwatin jinya, ka huda ta da ƙusa mai zafi a gefe da gefe don shigar iska, ƙananan huji yadda kan macijin ba zai ratsa ba. Za ka bukaci tishu mai kauri na goge hannu ko farar takarda don shimfiɗa, da maɓoya biyu, da kwanon ruwa mai nauyi wanda ba zai kife ba. Ƙaramin kaskon ƙasa da aka kife aka fasa masa ƙofa a gefe ya fi maɓoyar roba mai tsada amfani a yanayinmu, kwalin sabulu ma yana yi, kuma shi ne ya fi dacewa da lokacin jinya tunda ana iya jefar da shi.

Don ɗumi, akwai shimfiɗar lantarki da ake sawa a ƙarƙashin akwati, tare da na'urar da ke kashe ta idan zafi ya kai iyakar da aka sa mata. Kada ka yi amfani da shimfiɗar ba tare da wannan na'ura ba, domin tana iya ƙona cikin maciji ba tare da ya matsa ba. Wanda bai da su ya tanadi gorar roba mai ƙwari, da filas, da tsohon tawul. A ƙarshe sai safar hannu, da leda mai zif, da dogon hantsaki na miƙa abinci, da bilic.

Mataki na 1: Ka duba abin da ya fito kafin ka zubar

Kowa yana so ya toshe hanci ya kwashe ya jefar, amma a cikin wannan ƙazantar amsar take. Ka sa safar hannu, ka ɗauki hoto da waya, sannan ka duba da kyau. Idan ɓeran ya fito kusan yadda ya shiga, da gashinsa da kamanninsa, cikin awanni kaɗan zuwa kwana ɗaya da ci, to wannan ya fi kama da tumbuɗin jariri, wato abincin bai zauna ba aka dawo da shi, kuma yawanci tsoro ne ko ɗauka ko girman ɓera ya jawo. Idan kuwa ya fito bayan kwana biyu zuwa huɗu, rabinsa a narke, da ɗoyi mai hawa kai, to ka fara zargin yanayin zafi, ko lalataccen ɓera, ko cuta. Sababbin masu kiwo kan rikita amai da kashi. Kashin maciji baƙi-baƙi ne ko ruwan ƙasa, kuma yana zuwa tare da wani farin abu kamar alli, wanda shi ne fitsarinsa, aman kuwa ba ya zuwa da wannan farin.

Ka lura ko akwai jini, ko tsutsa, ko majina mai yawa fiye da kima. Idan wannan ne karo na biyu, ka saka abin da ya fito cikin leda mai zif, ka ninka da wata ledar, ka ajiye a firji nesa da abinci, kada ka sa a firiza, ka kai wa likitan dabbobi cikin kwana ɗaya. Sannan ka buɗe littafi ka rubuta ranar da ya ci, da girman ɓeran, da ranar da ya fitar, da lambar da ma'aunin zafi ya nuna, da ko an ɗauke wuta a tsakani. Ka ɗora kwano a kan sikeli, ka mayar da lambar sifili, ka sa macijin a ciki a hankali, ka rubuta nauyinsa. Ban da mayar da shi akwatin jinya, wannan ita ce ɗauka ta ƙarshe da za ka yi masa har mako guda.

Mataki na 2: Ka mayar da shi akwatin jinya

Ka shimfiɗa tishu a robar nan, ka sa maɓoya ɗaya a kowane ƙarshe, ruwa mai tsabta a ɓangaren sanyi, ka saka macijin, ka rufe. Farar shimfiɗa tana nuna maka duk abin da ya fito daga jikinsa, har da ƙananan ƙwari baƙaƙe masu shan jini idan yana da su. Idan da ma macizai biyu ka haɗa a akwati ɗaya, ka raba su daga yau, domin wannan jinsi ba ya son zama da ɗan uwansa, kuma muddin suna tare ba za ka san wanda ya yi aman ba.

Tsohon akwatin ka kwashe shimfiɗarsa gaba ɗaya ka zubar, ka wanke da sabulu, ka jiƙa da bilic da aka sirka, kashi ɗaya cikin kashi goma na ruwa, ka bar shi kamar minti 15, ka ɗauraye sosai, ka shanya a rana har warin ya fita. Kada ka yi amfani da maganin wanke ɗaki irin wanda ke komawa fari kamar madara idan an zuba shi a ruwa, domin sinadarin da ke cikin irinsa guba ne ga macizai. Idan garin katako na wajen masu yanka katako kake shimfiɗawa, ka daina, saboda ba ka san itacen ba, ba ka san maganin gara da aka fesa masa ba, kuma yana manne wa jiƙaƙƙen ɓera maciji ya haɗiye. Bayan kowane aiki ka wanke hannu da sabulu, domin dabbobi masu jan ciki kan ɗauki ƙwayar cutar salmonela ko da suna da lafiya.

Mataki na 3: Ka auna zafi dare da rana, har kwana uku

A nan ne na fi samun mai laifi a Kaduna. Macijin masara yana son ƙarshen akwati ɗaya ya kasance tsakanin digiri 28 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas, ɗaya ƙarshen kuma 22 zuwa 25, don ya riƙa kai-komo yana zaɓar abin da jikinsa ke so. Ka ɗora kan igiyar ma'aunin a ƙasan maɓoya, daidai inda cikinsa ke taɓawa, ka karanta da asuba bayan salla, da ƙarfe uku na rana, da lokacin kwanciya. Karatun asuba da na ƙarfe uku su ne ke tona asiri, domin yawancin mutane da la'asar sakaliya suke leƙa akwatin, su ga lamba mai kyau, su ɗauka haka take kullum.

A lokacin hunturu, wato Disamba da Janairu, daren Kaduna kan sauka zuwa digiri 15 ko ƙasa da haka, kuma akwatin da ke kan tayil ko siminti kusa da taga yana bin wannan sanyin. Maciji ya ci da yamma, wuta ta ɗauke da tsakar dare, shimfiɗar ɗumi ta huce, kafin gari ya waye cikinsa ya tsaya da aiki. Maganinsa shi ne ka ɗaga akwatin daga ƙasa ka ɗora a kan tebur ko katako, ka mayar da shi ɗaki na ciki, ka lulluɓe gefe uku da bargo ba tare da ka toshe hujin iska ba. Shimfiɗar ɗumi ta rufe sulusin ƙasan akwati kawai. Ba ta shan wuta sosai, ƙaramar inbata ko batirin sola na iya riƙe ta har safe, don haka idan kana da su, ita za ka fara jona wa. Idan babu, ka cika gora da ruwa mai zafi wanda bai kai tafasa ba, ka naɗe da tawul, ka jingina ta da bangon akwatin ta waje a ɓangaren ɗumi, ka ajiye wani ruwan a filas don canji da tsakar dare, kana duba ma'auni kada ya wuce 30. Kada ka kuskura ka shigar da kaskon gawayi ɗakin, hayaƙinsa zai iya kashe macijin da mai macijin. Hunturu kuma yana busar da iska ƙwarai, alhali wannan maciji yana son laima ta kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, kuma macijin da ruwan jikinsa ya yi ƙasa ba ya riƙe abinci. Ka canja ruwan sha kullum, ka ƙara masa wata 'yar roba mai ƙofa da jiƙaƙƙen tishu a ciki, wanda aka matse har ba ya ɗiga.

A bazara, Maris da Afrilu, matsalar juyawa take yi, kuma ita ce mutane suka fi rainawa, suna cewa ai maciji ɗan zafi ne. Rana kan haura digiri 35, ɗaki mai rufin kwano marar silin ya fi haka, akwatin duka ya zama ɓangaren ɗumi, babu inda macijin zai gudu. Zafin da ya wuce 32 ya daɗe yana sa shi amai kamar yadda sanyi ke yi, idan ya ƙara hawa kuma yana iya kashe shi cikin awanni. A wannan lokaci ka cire shimfiɗar ɗumi, ka sauke akwatin a kan tayil a ɗaki mafi sanyi a gidan, ka ɗora gorar ƙanƙara naɗe da tsumma a kan murfin ƙarshe ɗaya, ka yayyafa wa kaskon ƙasan nan ruwa ta waje, domin yana sanyaya kamar randa. Fanka ba ta amfanar maciji yadda take amfanarka, tunda ba ya gumi. A makonnin da zafi ya fi tsanani ni kan rage girman abinci ko in tsallake mako guda ɗungurungum, kuma ban taɓa ganin illar hakan ba.

Mataki na 4: Ka binciki ɓeran da firizar da yake ciki

Ƙa'idar girma ita ce kaurin ɓera ya yi daidai da wurin da ya fi kauri a jikin macijin, iyakarsa ya ɗara da rabi. Bakin maciji yana iya haɗiye abin da cikinsa ba zai iya narkarwa ba, saboda haka haɗiyewa ba hujja ba ce. Idan bayan kwana biyu har yanzu kana ganin ƙullutun a fili, ɓeran ya yi girma. Haka nan ba da biyu a lokaci ɗaya, ko ba da wani kafin na farko ya gama narkewa, duk hanya ce ta amai. Ɗan ƙarami yana ci duk kwana 5 zuwa 7, matashi duk kwana 7 zuwa 10, babba duk kwana 10 zuwa 14.

Sai maganar firiza, wadda littattafan Turawa ba sa damuwa da ita saboda ba su san ɗaukewar wuta ta kwana biyu ba. Ɓeran da ya daskare, ya saki, ya sake daskarewa sau uku yana nan da kyan gani a waje, amma kayan cikinsa sun fara lalacewa. Akwai dabara mai sauƙi ta ganewa: ka daskarar da ruwa a ƙaramin kofi, ka ɗora tsabar kuɗi ko ɗan dutse a kan ƙanƙarar, ka ajiye kusa da ledar ɓerayen. Ranar da ka tarar da shi a ƙasan kofin, ka san komai ya narke a bayan idonka, ka zubar da ɓerayen ko da kuɗinsu ya yi maka ciwo. Wanda wutar unguwarsa ba ta da tabbas gara ya riƙa sayen kaɗan-kaɗan daga masu kiwon fararen ɓeraye, ko ya kiwata da kansa, ya kashe ɗaya cikin gaggawa ba tare da azabtarwa ba a ranar da za a ci.

Wajen narkarwa, ka sa ɓeran a leda mai zif, ka bar shi a firji ya kwana ko ka nutsar da ledar a ruwan sanyi har ya saki, sannan ka mayar da ita cikin ruwan ɗumi na kamar minti goma har ya yi ɗumin jikin mutum. Ka matsa cikinsa da kansa da yatsa biyu, idan ka ji tauri ko sanyi a tsakiya bai yi ba. Tafasasshen ruwa yana dafa fata ya bar ƙanƙara a ciki, ajiyewa a rana kuma yana ruɓar da shi. Wanda macijin ya ƙi ci, a zubar, ba a mayar da shi firiza.

Ɓeran gida ko na kasuwa da aka kama a tarko kuwa, kada ka yarda da shi ko da kyauta ne. Yana iya zuwa da tsutsotsin ciki, yana iya kasancewa ya ci shinkafar ɓera a gidan maƙwabta, kuma wani nau'in ɓeran da ke shiga gidajenmu shi ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda haɗarinsa a kanka ne da iyalinka. Ƙadangare da tsaka ma haka, cike suke da ƙwayoyin cutar da ke kama macizai.

Mataki na 5: Ka binciki ɗakin da mutanen gidan

Macijin da ya ƙoshi yana jin nauyi, idan ya tsorata sai ya zubar da kayan cikinsa don ya samu gudu. Saboda haka ba a ɗaukarsa har awa 48 bayan ci, wanda ya taɓa amai kuma awa 72. Ka tambayi yaran gida a hankali, ba da tsawa ba, ko wani ya buɗe don ya nuna wa abokansa, domin sau da yawa a nan zancen yake. Ka duba ko akwatin yana kusa da janareta, ko sifika, ko ƙofar da ake bugawa, ko kyanwa na hawa kan murfin. Masu fitar da maciji zuwa wata roba daban don ya ci, sannan su mayar da shi da cikinsa a cike, su daina, a ba shi a inda yake kwana.

Idan idanunsa sun yi hazo-hazo, launinsa ya dusashe, saɓa yake shirin yi, a jira ya gama. Tamata mai ɗauke da ƙwai ma takan kasa riƙe babban abinci, ko da ba ta taɓa haɗuwa da namiji ba. Maganin sauro na fesawa, da na kunnawa, da fiya-fiya, duk guba ne gare shi, turaren wuta mai yawa ma ba ya yi masa daɗi. Ɗakin maciji gidan sauro ake sa wa tagarsa, ba a fesa masa komai.

Mataki na 6: Ka jira kwana 14 ba tare da ka ba shi komai ba sai ruwa

Wannan ne mataki mafi wuya duk da cewa babu aikin yi a cikinsa. Bayan kwana uku ko huɗu macijin zai fara zagaya akwati da magariba yana zaro harshe, kai kuma zuciyarka ta ce yunwa ce za ta kashe shi. Ni ma na faɗa wannan ramin da wata 'yar ƙaramar tamata a hunturun farko da na yi da ita. Ta yi amai, bayan kwana uku na ga tana nema, na ba ta, ta cafke da ƙarfi har na ji daɗi, washegari da dare ta dawo da shi. Na sake gwadawa a ƙarshen makon da ɗan ƙarami, shi ma bai zauna ba. Kafin in farga ƙashin bayanta ya fito kamar dutsin guga mai tsini, fatar gefenta ta yi ninki, kuma sai da muka shafe wata biyu ana lallaɓawa kafin ta koma nauyinta na farko. Abin da ya jawo aman farko kuwa taga ce da ba ta rufuwa sosai.

Babban maciji mai jiki yana yin makonni babu abinci ba tare da ya rame ba. Ɗan ƙyanƙyasa, wanda bai da kitsen ajiya, za a iya tsayawa a kwana 10, amma kada a gaza haka. A cikin wannan lokaci ka gyara duk abin da ka gano a matakan baya, ka auna nauyinsa sau ɗaya a mako, ka tabbatar yana shan ruwa. Ka ɗan ja fatar gefensa a hankali lokacin awo, idan ta tsaya a tattare ba ta koma ba, ruwan jikinsa ya yi ƙasa, sai ka sa shi a roba mai rufi da ruwa mai ɗumin digiri 27 zuwa 28, wanda zurfinsa bai wuce rabin kaurinsa ba, na minti 15, kana tsaye a kansa.

Mataki na 7: Abincin farko bayan hutu

Ka ba shi ɓera ɗaya tak, wanda bai wuce rabin girman wanda ya saba ci ba. Mai cin babban ɓera a ba shi ɗan matashi, mai cin wanda gashinsa ya fara tsiro a ba shi jinjiri ja marar gashi, wanda da ma jinjiri yake ci a ba shi rabi ko kan kaɗai, a yanka tun yana daskare don ya fi sauƙi. Marar gashi ya fi saurin narkewa. Ina kuma tsaga fatar bayan ɓeran da reza sau biyu ko uku, tsaga marar zurfi, don ruwan ciki ya samu hanyar shiga da wuri. Ka miƙa da hantsaki bayan magariba, lokacin da wannan maciji ya fi walwala, a bazara kuma ka bari sai bayan isha'i da iska ta sauko. Da zarar ya kama, ka rufe, ka kashe fitila, ka fita. Har kwana uku iyakarka ka leƙa ma'auni ka canja ruwa ba tare da ka ɗaga maɓoyarsa ba. Kada ka ba da wannan abinci a daren da ba ka da tabbacin ɗumi, gara ka ƙara kwana biyu a kan hutun.

Kuskuren da ake yi a nan shi ne ɗura. Wani matashi daga Barnawa ya taɓa kirana da dare yana cewa, "Baba, ya ƙi karɓa, ko in buɗe bakin in tura masa?" Na ce masa, "Kul, yaro, ka zubar da ɓeran, ka sake gwadawa bayan kwana biyar." Tura abinci cikin maƙogwaron da bai gama warkewa ba ƙara rauni ne, kuma aikin likita ne idan ma ya zama dole.

Mataki na 8: Komawa ga abincin da ya saba

Idan ya riƙe na farko har ya yi kashi, ka jira kwana 7 zuwa 10 ka ba shi irinsa. Sai ya riƙe uku a jere kafin ka ƙara girma, mataki ɗaya kawai, sannan ka sake ƙirga uku.

Mataki na 9: Idan ya sake yi bayan ka gyara komai

Aman da ya dawo alhali zafi daidai ne, ɓera sabo ne kuma ƙarami, babu wanda ya taɓa shi, ya fita daga hannun mai kiwo. Haka nan idan ka ga jini, ko nauyinsa ya ragu da kashi goma cikin ɗari, ko yana numfashi da baki a buɗe, ko akwai kumfa a bakinsa, ko wani kumburi mai tauri a tsakiyar jikinsa wanda ba ya sauka ko da bai ci komai ba. Ba kowane likitan dabbobi ne ya saba da macizai ba, mafi yawansu shanu da kaji da karnuka suka fi gani, don haka ka yi waya ka tambaya kafin ka ɗauko shi. Ko wanda bai saba ba zai iya duba kashi a madubin likita ya ga ƙwan tsutsa. Idan abin ya wuce nan, Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da asibitin koyarwa na dabbobi, kuma tafiyar ba ta da nisa daga Kaduna. Ka saka macijin a rigar matashin kai ka ɗaure bakin, ka sa a kwali mai huji, ka tafi da sassafe, kada ka ajiye shi a but ɗin mota ko inda rana ke duka, ka riƙe littafinka da sabon kashi da abin da ya amayar.

Tsutsotsi da wasu ƙananan ƙwayoyin hanji suna jin magani, amma ana auna shi ne da nauyin macijin giram-giram. Kada ka sayi maganin tsutsar awaki ko Filajil a kemis ka kintata, domin tazarar da ke tsakanin magani da guba a jikin dabba mai giram 40 ƙanƙanuwa ce.

Wadda ake tsoro ita ce ƙwayar da ake kira Cryptosporidium serpentis, kuma macijin masara yana cikin waɗanda ta fi kamawa. Tana kaurara bangon tumbinsa har hanyar ta ƙuntata, shi ya sa ake ganin kumburin nan na tsakiya, maciji yana ci da marmari, yana fitarwa bayan 'yan kwanaki, yana ramewa a hankali. Ƙwayar ba ta fita a kashi kullum, saboda haka gwaji ɗaya da bai nuna komai ba bai wanke shi ba, ana maimaitawa sau da dama, ana kuma duba majinar da ke jikin ɓeran da ya dawo. Har yanzu ba ta da maganin da ke kawar da ita gaba ɗaya, abin da ake yi shi ne sassautawa da ƙananan abinci, idan wahala ta yi yawa kuma likita ya ba da shawarar a kashe dabbar ba tare da azaba ba don ta huta. Tana yaɗuwa ta kashi da amai da kwanon ruwa da hannun mai kiwo, kuma bilic ba ya kashe ta, sai tafasasshen ruwa ko tururi da shanya mai tsawo. Macijin da ake zargi a kai shi wani ɗaki, da hantsakinsa da kwanonsa da safar hannunsa daban, shi ne na ƙarshe da za ka yi wa hidima kowace rana, kuma kaskon ƙasa da katako da kwalin da ya taɓa kwanciya a ciki a ƙone ko a binne, kada su koma wani akwatin. Duk sabon macijin da ka sayo, ko daga wa ya fito, ya yi wata uku a ware a kan farar takarda, ka ga ya ci ya riƙe sau da dama, an kuma duba kashinsa, kafin ya kwana ɗaki ɗaya da sauran.